Turaren da Ban Kunna ba a Gidan Wuta

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai surfe ta jingine taɓarya. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta.

Tun da na dawo daga Kudu ban samu sakat ba. A gidan suna a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, ran kasuwar Bakori har mai daddawa sai da ta riƙe mini gefen zane: "Goggo Dije, wai da gaske akwai wutar da ido ba ya gani?" Na gaji da faɗi guntu-guntu, shi ya sa na ce a zauna a rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba.

Autana Habu shi ne ya yi boko a gidanmu. Ya samu aiki can Kudu a bakin ruwa, a gidan da ake yin wutar lantarki, wutar da har yau ba ta iso ƙauyenmu ba. Da ya zo Sallah suka sami saɓani da ƙanen mahaifinsa, Malam Iro, a kan fadamar da marigayi maigidana ya bari a cikin gandu. Habu na so a haƙa rijiyar burtsatse a yi noman rani, Malam Iro ya ce ba a taɓa wurin yana raye. Magana ta yi tsawo, yaro ya ɗaga murya gaban mutane, tsoho ya nuna shi da yatsa ya ce, "Je ka, ɗan boko. Za ka gani."

Habu bai daɗe da komawa ba matarsa Rabi ta bugo waya tana kuka. Wuta ta ci shi a wurin aiki. Da rana tsaka, yana tafiya da ƙafarsa, ba hayaƙi, ba harshen wuta, ba abin da ke ci a gabansa, sai kawai rigarsa ta kama.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, Babba muke ce masa, ya miƙe tsaye a tsakar gida ya ce, "Inna, kin taɓa jin wuta ba hayaƙi? Wannan jifa ce, kuma kowa ya ji bakin da ya yi ta." Ya rantse cewa da zarar dawa ta nuna za a raba gandu, kuma daga ranar ɗan gidanmu ba ya sake taka gidan Baba Iro, ko gaisuwar mutuwa. Samarin gidan suka fara maganar gora a bayan zaure. Gida biyu, katanga ɗaya, kaka ɗaya.

Na ce musu, "Ba mai taɓa kara ko ɗaya sai na je na gani da idona na dawo."

Babba ya yarda, amma da sharaɗi. Ya je wajen wani mai magani ta wajen Gozaki ya karɓo ƙulli a tsumma baƙi. Aka ce in kai shi daidai inda yaron ya faɗi, in hura garwashi a kasko, in zuba, hayaƙin ya tashi a wurin, jifa ta koma kan mai ita. Na karɓa. Na haɗa da ɗan kaskona na turare da gawayi da ashana, na ƙulle a ƙasan jaka. Ban ce zan kunna ba, ban kuma ce ba zan kunna ba. Uwa ce ni, ɗana yana kwance.

Da safen da za mu tashi, ni da 'yata Talatu, kowa ya fito rakiya ban da Malam Iro. Na hango shi tsaye a bakin gonarsa, fartanya a kafaɗa, bai matso ba, bai kuma juya baya ba.

Babur ya kai mu Bakori, bas ta kai mu Funtua, a nan muka shiga wata doguwar mota mai tsani. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya Abu, 'yar Malumfashi, mai fataucin goro, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta. Ta dube ni ta dubi ƙwaryar furar da na rungume, ta ce, "Goggo, wannan kafin Abuja ki shanye ta, in ba haka ba kafin Lokoja ita za ta shanye ki." Ban ji ba, na ce guzuri ba a yi masa gaggawa. Ai kuwa zafin mota ya tayar da ita, ta kumbura ta ɗaga faifai, ta zubo a cinyar Talatu. Hajiya Abu ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata, goro ta ɓare ta miƙo mini.

A wani shingen sojoji aka sauke mu a buɗe kaya. Wani soja baƙi dogo ya zura hannu a jakata, ya ciro ƙullin garin kuka, ya matsa don ya ji mene ne, ledar ta fashe. Daga gwiwa zuwa takalmi ya koma kore. Abokansa suka tuntsire. Shi kuwa ya shinshina yatsunsa ya ce da Hausa, "Kai, Mama, kin tuna mini gida." Ashe ɗan Kano ne. Sai ya ciro baƙin ƙullin.

"Wannan fa?"

"Turare ne, ɗana."

Ya dube ni, ya dubi kaskon, ya mayar ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Iyakar ƙasarmu ba ta da ƙofa, ruwa ne. A Lokoja muka hau gadar Kwara, na leƙa na ga ruwa ba gaɓa, na runtse ido ina salati har muka sauka. Daga nan dawa ta fara ɓacewa. Na yi ta neman rumbu a ƙauyukan da muke wucewa, ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi Hajiya Abu ina suke zuba hatsi, ta ce abincinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, doya da rogo, sai ranar ci a tono. Na ce ikon Allah, mutanen da ɓarawo sai ya zo da fartanya. Daji ya rufe hanya ta ko'ina, itatuwa sun haɗe kai, ruwan sama na zuba alhali a gida mun fara sallama da damina. Ƙafafuna suka kumbura kamar gwaza. Hajiya Abu ta sauka a wani gari na masu goro, ta riƙe hannuna ta ce, "Abin da za ki tarar, Allah ya ba ki ido." Ba ta ce haƙuri ba, ido ta ce.

Rabi ta tarbe mu a gidajen ma'aikata, ɗakuna a jere, fenti iri ɗaya, har sau biyu ina shiga ƙofar maƙwabta. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Kuma akwai wani gurnani da ba ya yankewa, a ƙasa kake jin sa ta tafin ƙafa. Rabi ta ce injinan gidan wutar ne, in ka ji sun yi shiru to ba lafiya ba. 'Yar maƙwabciyarta, Bayarabiya, ta shigo da kwano ta zube gwiwa biyu a gabana, ƙanenta kuwa ya kwanta rub da ciki. Na zabura na ce me ya same shi, aka ce gaisuwa ce. Abin da suka kawo wani tuwo ne baƙi mai laushi na garin doya, da miya ja wur. Loma ɗaya na yi hawaye suka zubo. Uwarsu da ta biyo su ta ɗauka kukan ɗana nake, ta dafa ni tana ba ni haƙuri da yarensu. Na bar ta a haka, don ba ta yi kuskure da yawa ba.

A asibiti sai da aka wanke mini hannu, aka rufe mini baki da hanci da ƙyalle, aka ce kada in taɓa shi. Uwa ta yi tafiyar nan duka, a ce kada ta taɓa ɗanta. Habu na kwance cikin gidan sauro, an naɗe ƙirji da hannaye da gefen fuska na hagu. Ido ɗaya na gani, shi ma na gane shi.

"Inna, ke da kanki?"

"To wa zan aiko, auta?"

Ya ja numfashi. Sannan ya ce, "Baba Iro fa? Yana lafiya?"

Na kau da kai. Ya gane. Ya ce, "Inna, don Allah kada ku ɗauki alhakin kowa. Abin wurin aiki ne." Na ce to. Amma a raina na ce yaron nan tun yana ƙarami ko akuya ta ci masa tuwo sai ya ce yunwa take ji.

A bakin ɗakin muka haɗu da wani saurayi, Ibo, sanye da rigar aiki. Ya durƙusa ya ce, "Mama, sannu da hanya, ya mutan gida, ya amfanin gona?" Na waiga ina neman mai maganar. Ya yi murmushi ya ce, "Ni ne, Mama. Sunana Chinedu. A Funtua aka haife ni, cibiyata tana can. Uwata kwanuka take sayarwa a kasuwa, ƙila ma kin taɓa taya ta ki tafi ba ki saya ba." Shi ne mai kula da kiyaye haɗari a ɓangaren su Habu.

Shi ya faɗa mini abin da Rabi ta ɓoye. Ba Habu kaɗai ba ne. Su biyu aka tura, shi da abokin aikinsa Bayo. Da rigar Habu ta kama, Bayo ya ruga ya jawo shi, a garin jan ya shiga tsakiyar abin da ba ya gani. Ya tura Habu waje. Shi bai kwana biyu a asibiti ba ya cika.

Na ce a kai ni wajen uwarsa. Muka same ta zaune a tabarma, tsohuwa kamar ni, 'yar ƙarama. Abin da ya ɗaure mini kai, wai har lokacin ba a rufe shi ba, yana ɗakin sanyi ana jiran 'yan'uwansa su taru daga nesa. Mu da muke gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta juya, abin ya yi mini nauyi, amma kowace ƙasa da yadda take kukanta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarbanci. Chinedu ya buɗe baki zai yi tafinta, ta ɗaga masa hannu. Ta kama tafina biyu ta ɗora a ƙirjinta, muka zauna haka har aka kira la'asar a wani masallaci can nesa. A hanyar dawowa na yi ta juya abin a raina. Jifa da suna ake yin ta. Malam Iro bai taɓa jin sunan Bayo ba. Duk da haka da na koma ɗaki na taɓa ƙasan jakata na ji ƙullin yana nan, na bar shi.

Na roƙi Chinedu ya kai ni inda ɗana ya faɗi. Ya ce ba a shigar da baƙi, amma zai nemi izini wajen manya tunda uwa ce. Aka ba da. Da hantsi na yi alwala, na ɗaura kasko da gawayi da ashana da ƙullin a cikin zanena ta ciki, na yafa mayafi.

A ƙofar gidan wutar aka fara da karɓe wayar Talatu. Aka ce mayafina na leda ne, irin wanda ke ƙyas-ƙyas in an cire shi, ba ya shiga. Aka ba ni wata riga ta auduga mai haɗe da wando, da takalmi mai nauyin dutsen niƙa, aka kifa mini hular kwano a kan ɗankwali. Talatu ta juya baya kafaɗunta na rawa. Na ce, "Yi dariyarki, 'yar nan, ke ma ba ki ga kanki ba." Sai wata mai gadi ta shigar da ni ɗaki don in sa rigar, tana shafa jikina. Hannunta ya tsaya a ƙuguna. Ta kwance. Kasko ya fito, gawayi ya zube a siminti, ashana ta faɗo a kai.

Ta yi ihu da Turanci. Chinedu ya shigo da gudu. Ya dubi ashanar, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa dirshan, ya riƙe kai.

"Mama, me za ki yi da wannan?"

Na faɗa masa gaskiya duka, da fadama, da "za ka gani", da mai maganin Gozaki. Tunda a cikinmu ya tashi, bai tambaye ni mece ce jifa ba.

Ya ce, "Mama, da kin ƙyasta wannan a ciki, a kan rashin sa'a, da ba a sami mai kai labari gida ba. Ba ke ba, ba Talatu ba, ba ni ba." Ya share fuska ya miƙe. "Zo in nuna miki wanda ya jefi ɗanki."

Ya kai mu wani fili a bayan ofis, nesa da injuna, inda suke koyar da sababbin ma'aikata. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe a ɗaure, da siririn bututu a tsaye kamar karan dawa. Yana shiryawa yana bayani, ni kuma zan faɗa muku yadda kunnena ya ɗauka.

Injin da ke haifar da wutar lantarki, janareta, ba irin na mai cajin waya ba ne, ya fi zauren dagaci girma. In yana juyawa zafi yake yi, zafin da in ba a kwashe ba zai narkar da cikinsa. To ba fifita ake masa ba, wata iska ake cika cikinsa da ita, sunanta haidurojin. Ta fi kowace iska kwashe zafi, ta fi kowace iska rashin nauyi. Muddin ita kaɗai ce a rufe a ciki, baiwar Allah ce, aiki kawai take. Har da mai suke toshe bakin sandar da ke juyawa don kada ta sulale. Amma ranar da ta sami kafa ko kamar hudar allura ta fito ta gauraya da iskar da muke shaƙa, ta zama abin da tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tartsatsin ƙarfe, na waya, na mayafin leda. Wani sa'in ma ƙarfin fitarta kaɗai ya isa ta kama da kanta. Ba ta da wari, ba ta da launi. In a ɗaki ne sama take hawa ta taru a ƙarƙashin rufi tana jira.

Na ce, "Ai ko kalanzir yana da wari, ɗana. Ko gas ɗin girkin Rabi na ji shi."

Ya ce, "Wancan da gangan aka sa masa wari don a gane. Wannan ba a sa mata, tsarkinta ake so."

Ya matsar da mu baya. Wani ma'aikaci ya murɗa kan tukunyar da iskar ke ciki, ya kai wani abu bakin bututun, ya janye. Chinedu ya ce, "Mama, me kika gani?"

Rana tana tsaka. Na ga bututu, na ga katanga a bayansa, na ga wani ƙadangare a kan katangar. Na ce ban ga komai ba.

"Kina jin zafi?"

Na ce a'a.

Ya ɗauko tsintsiya, irin ta kaba mai dogon mariƙi, ya damƙa mini. Ya tsaya a bayana ya riƙe gwiwar hannuna. "Miƙa ta gaba, a hankali, sama da bakin bututun."

Na miƙa. Wallahi, jama'a, a cikin iska tsagwaronta, inda babu komai, bakin tsintsiyar ya yi fuu ya kama da wuta ja. Na saki na ja da baya ina innalillahi. Tsintsiya na ci a ƙasa, bututun yana nan tsaye shiru kamar bai san zancen ba, ƙadangaren ma bai motsa ba.

Na san wutar ƙaiƙayi da ke ci ta ƙasa yaro ya taka toka ya ƙone. Na san wutar da ke kwana a cikin buhun auduga. Amma waɗannan ko ba komai suna da hayaƙi, suna da ƙauri. Wannan tana tsaye a gabanka tsirara, ba ka ganinta, kuma ba ta aiko zafi ya gargaɗe ka sai ka shiga cikinta.

Chinedu ya ce tun zamanin da, tsofaffin ma'aikata da tsintsiya suke neman ta, a miƙa gaba ana tafiya kamar makaho da sanda. Yanzu akwai na'ura mai shaƙar ta ta yi kuka, akwai wani madubi mai nuna zafi. Ranar da abin ya faru na'urar ta yi kuka, shi ya sa aka tura su Habu su duba. An ɗauka iska ce kawai ke fita, ba a san ta riga ta kama ba. Suka tafi hannu sake. Chinedu ya ce, "Tun daga ranar, ba mai taka wurin sai da madubin a gabansa. In babu, da tsintsiya, ko shi wane ne."

Na ce to da aka gane, me ya hana a sheƙa mata ruwa? Ya ce ba a fara kashe ta. In ka kashe harshen alhali iskar na fita, taruwa za ta yi ta fashe da ginin. Hanyarta ake rufewa daga tushe, ta ci abin da ya rage ta mutu don kanta. Kafin a buɗe injin kuma sai an kore ta da wata iska mai nauyi wadda ba ta cin wuta.

Bayan haka ya hau da mu wani bene, ta bayan gilashi ya nuna mini wurin. Ban ga ramin aljanu ba. Bututu biyu na gani sun haɗu, a tsakaninsu ake sa wani gammo na roba. Ya ciro tsohon daga aljihu a cikin leda ya nuna mini. Bai kai murfin kwalba biyu ba, ya tsage a gefe kamar kaushin diddige. Na ce, "Wannan ne?" Ya ce, "Wannan ne, Mama." Na tsaya a nan na yi wa Bayo addu'a irin tamu, tunda ita na iya, na yi wa ɗana.

Da muka fito mai gadin ta miƙo mini kayana. Na ɗauki kaskon, don na Rabi ya fashe. Baƙin ƙullin na ce ta zuba a shara.

Na zauna har aka fara kwance wa Habu hannun dama, ya iya riƙe cokali. Dawowa ba abin faɗi, sai dai wannan karon na shanye kunun da Rabi ta dama mini tun kafin gada, kuma da muka hau ta ban runtse ido ba. Da na fara hango rumbuna da jar dawa ta sunkuyar da kai, na ji ƙirjina ya buɗe.

Mai babur zai tsaya a ƙofar gidanmu na ce ya ƙara gaba kaɗan. Na yi sallama a zauren Malam Iro da ƙurar hanya a ƙafata. Na same shi a kan buzu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa ta raɗa mini ya daina zuwa majalisa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa.

Bai bari na zauna ba ya ce, "Yaya Dije, wallahi tallahi ban je wurin kowa ba. Ban binne komai ba, ban ƙona komai ba. Amma na faɗa. Bakin uba ne, na faɗa wa ɗan ɗan'uwana, kuma ya kama shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ashe duk zargin da ake yi masa a waje bai kai wanda yake yi wa kansa ba.

Na zauna na ba shi labarin gammon roba, da tsintsiyar da ta kama a hannuna, da Bayo, da uwarsa. Na ce, "Iro, tun ina amarya a gidan nan na san bakinka. Ko akuyarka ba ta jin sa. Yaushe ya yi tsawon da zai haye Kwara?"

Ya yi wata irin dariya, ta juye ta zama kuka. Tsoho mai furfura, ya rufe fuska da hannun riga. Na ce, "Da na shiga wurinsa, kafin ya tambayi kowa kai ya tambaya."

Babba ya fi wuya. Na tara su a tsakar gida na faɗa musu abin da na faɗa muku. Ya saurara har ƙarshe, hannu a ƙirji, sannan ya ce, "Na ji, Inna. To amma cikin ma'aikata duka, me ya sa sai Habu?"

Na ce, "Wannan tambayar ka kai wa uwar Bayo."

Ya tashi ya fita.

To ga yadda kowa ya ƙare. An rufe Bayo bayan 'yan'uwansa sun taru, uwarsa ta aiko mini da ƙyallen da suka yi anko da shi, yana cikin adakata. Chinedu ya aiko gaisuwa, ya ce in Allah ya kai mu Sallah zai zo ya ga ɗakin da aka haife shi, in dafa masa dambu. Hajiya Abu ban sake ganinta ba, in akwai wanda ya san ta a Malumfashi ya ce mata na samu idon. Talatu har yau in ta tuna hular kwano sai ta fita waje. Habu ya tashi. Yatsu biyu na hagu ba sa lanƙwasawa, gefen fuskarsa ya yi dabbare-dabbare. Na so ya dawo gida, ya ce a'a, yanzu shi ke tsayawa a filin nan na bayan ofis yana koya wa sababbi. Fadama tana nan yadda take, ba a haƙa ba, ba a kuma daina maganarta ba. Gandu ba a raba shi ba, tare aka yanke dawa, ko da yake Babba da Baba Iro kowa da kunyarsa, ba mai duban wani.

Da aka gama sussuka, Malam Iro, wanda bai taɓa wuce Funtua ba, ya sa aka tatso masa zuma a kwalba, ya ce za shi Kudu ya duba ɗansa. Da safen ya fito da jakarsa ya tsaya a bakin hanya yana jiran abin hawa. Babba ya turo baburinsa daga zaure, ya tsaya a gabansa, ya tayar. Tsoho ya ɗan tsaya, sannan ya hau, ya riƙe kafaɗarsa. Ina tsaye a ƙofar gida har suka sha kwanar Bakori.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Na sauke muku shi, kowa ya koma kan aikinsa.